Benayen Laka na Shibam

Malam Dalhatu maginin ƙasa ne tun yana saurayi. Tsofaffin gidajen layinsu a Tudun Wada yawancinsu shi ya ɗora tubalinsu, kafin bulo da siminti su ƙwace aikin, daga baya kuma yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu a zaure yake wuni da rediyo a gefensa, 'yarsa Najiba na kai masa abinci da buta.

Ɗansa Saifullahi yana karatun addini a ƙasar Yaman. Wata rana a waya ya kawo labarin wani tsohon birni mai ganuwa a tsakiyar hamada, wai shi Shibam, inda ake gina gidan laka har hawa bakwai.

"Laka? Hawa bakwai? Kai dai an shirga maka ƙarya," in ji tsohon.

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Duk kiran da yaron ya yi sai ya ce, "Ka je ka gano mini garin nan kuwa?" Matarsa Inno takan ɗaga murya daga madafa: "Malam, ka bar yaro ya yi abin da ya kai shi."

Da aka ba su hutu Saifullahi ya ɗauki abokinsa Mu'azzam suka tafi Shibam. Da hantsi wayar Najiba ta yi ƙara, kiran bidiyo. Ta zo ta durƙusa gefen mahaifinta.

Muryar Saifullahi ta fito: "Baba, wallahi gaskiya ne! Ga su nan jere, dogaye, kafaɗa da kafaɗa. Samansu an shafe da farar ƙasa, tagogin 'yan ƙanana. Lungunan kuwa ko Keke Napep da ƙyar."

Malam Dalhatu ya kashe rediyo, ya matso da kunnensa.

"Saifullahi, dafa bangon. Da sanyi?"

"Da sanyi, Baba, duk da wannan rana."

"Gindin ya fi saman kauri?"

"Ya fi sosai. Yana hawa yana sirancewa."

Tsohon ya tuntsire da dariya har da buga cinya. Najiba ta manta rabon da ta ga haƙoransa a waje. "Mutanen nan sun san laka! Tambaye su da wace irin ciyawar ramno suke cuɗa ta."

"To, Baba, ga wani dattijo can, bari in..."

Hoton ya daskare, layin ya yanke. Najiba ta yi ta kira bai shiga ba. Malam Dalhatu ya ce a bari, ai zai kira in sun koma makaranta. Ranar duk wanda ya wuce ƙofar gida sai ya tsayar da shi ya ba shi labari, har Onyeka mai kayan gini na bakin titi.

Washegari Mu'azzam ne ya kira, daga gadon asibiti. Taya ta fashe musu a hanyar komawa, motar ta juya. An riga an yi wa Saifullahi sutura a wani ƙauye kusa da wurin.

Inno ba ta ce wa mijinta komai ba, ko kalma ɗaya ta zargi. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Masu ta'aziyya suka zo suka watse, shi yana zaure ita tana ɗaki, Najiba na kai da kawowa tsakaninsu. Abincin da ta ajiye masa haka take ɗauke shi.

Bayan sadakar arba'in, wata yamma ya ji takun da ba na Najiba ba. Inno ce ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, ran nan ina madafa, ban ji sosai ba. Muryarsa, yana cikin farin ciki?"

"Yana ciki," ya ce. 

Ta jinjina kai, ta jawo kwanon tuwon ta buɗe, ta kama hannunsa ta wanke masa.