Sifanar da ke ƙarƙashin gero

Malam Badaru na wani ƙauye kusa da Zakirai ba ya sayen kayan aiki da ka. Kafin ya ɗauki sifana sai ya ƙwanƙwasa ta a dutse ya saurari ƙararta, ya lasa ya ji ko akwai tsatsa. Haka ya tara guduma da zarto da filaya da sukundireba, har da ƙusoshin gyaran kwalekwale, alhali ruwan da ya fi girma a garin kududdufin bayan masallaci ne. In an yi masa magana sai ya ce, "Kun san abin da Allah zai kawo?"

Abin da ya tsana a duniya shi ne aro. Maƙwabcinsa Abdulmumini kuwa ko sallama ya yi, aro ne ke biye. Don haka da kaka ta zo, Badaru ya sa akwatin kayan a cikin rumbu can ƙasa, ya jibge damman geron shekara a kai, ya rufe. Ya ce gero na hana tsatsa. Ƙarya yake, Abdulmumini yake hanawa.

Ana tsakiyar rani injin ban-ruwansa ya mutu a fadama. Fulogi ne kawai, amma ba ya kwancewa sai da sifana, ga albasarsa ta fara kwanciya don ƙishi. In ta ƙara kwana ba ruwa, wahalar shekara ta tafi.

Da kunya da haushi ya tara maƙwabta a kwashe gero. Aka ɗage jinkar rumbun, aka yi layi ana miƙa dami. Kaji da awakin unguwa duk suka halarta. Abdulmumini ne a gaba, yana gumi yana yi wa mutane tsawa su yi sauri.

Sai bayan la'asar aka kai ga akwatin. Badaru ya buɗe. Ba komai ciki sai ƙusoshin kwalekwale.

Matarsa Hure ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Malam, ai tun daren da za ka zuba gero na kwashe su. Kullum maƙwabta na aikowa, da wace fuska zan ce suna ƙarƙashin hatsi?"

Abdulmumini ya share gumi, ya sa hannu a aljihu ya zaro sifanar, tana ƙyalli.

"Au, wannan ake nema? Ni na zaci gero za ka shanya."

Badaru ya ji kamar ya fasa ihu. Ya dubi rana, ya tuna albasa, ya miƙa hannu a hankali.

"Ara min," in ji shi.

Abdulmumini ya ɗan juya ta, sannan ya ba shi. "To, amma ka dawo min da ita kafin magariba. Ni ba na son wasa da kayan aiki."