Inna Sista da Ƙarar Injina

Sai da aka kashe injinan gini da ƙarfe ɗaya na rana, ma'aikata suka tafi cin abinci, sannan na ji ana kira na ta bango. Na tsayar da keken ɗinki, na ciro audugar da na toshe kunnuwana da ita. Muryar ta dushe, amma na gane ta.

"Tela. Tela, 'yata."

Na fita ko takalmi ban sa ba. Na same ta kwance a bakin banɗaki, bokiti ya kife, zaninta ya jiƙe har ya fara bushewa a jikinta. Tun ƙarfe takwas take nan. Ta ce ta yi kira har maƙogwaro ya ƙi, ta buga bokitin da ƙasa, daga baya ta haƙura ta jira lokacin abincinsu. Da na sunkuya zan ɗaga ta sai ta hana ni, ta ce ƙashin ƙugu ne ya karye, ta san shi, in nemo maza da katako mai faɗi.

Inna Sista muke ce mata, don shekara talatin ta yi tana aiki a ɗakin haihuwa. Rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo, har da 'yata ta fari. Bango ɗaya ne tsakanina da ita. A da, in ta yi tari ina ji.

Gidanmu na haya ne, hawa biyu, ɗaki goma sha huɗu. Tun da aka rushe tsohuwar kasuwa da shagunan da ke gabanmu aka fara dasa manyan benaye, mutane suka yi ta tashi. Mai wanki ya tafi saboda ƙurar siminti tana ɓata masa shanya. Malamar makaranta ta tafi saboda jaririnta ya daina barcin rana. Mai kantin ƙasa ya rufe don babu sauran mai saye. Muka rage ɗaki uku: ni da maigidana, ita, sai wani tsohon direba da kunnensa ya yi nauyi, wanda kullum yake cewa shi bai ga abin ƙorafi ba.

Ran nan maigidana yana wurin aiki, kuma mota ba ta shiga layinmu, an toshe shi da kwanon rufi an haƙa rami. Na je wajen ma'aikatan, na tarar da su a inuwar katanga suna ci. Foman ɗinsu, wato shugabansu, bai bari na gama magana ba, ya ajiye kwanonsa ya kira mutum huɗu. Suka zo da katako. Tana kwance tana ba su umarni, wannan ya riƙe kafaɗa, wancan kada ya lanƙwasa ƙafar. A kan matakala ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya inda aka haife su. Duk daga nesa suke.

"Shi ya sa," ta ce. "Babu nawa a cikinku. Da nawa ne, da ba su cika min kunne haka ba."

Suka yi dariya, amma a hankali suka sauka da ita.

A asibiti likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki aikin tiyata ba. Ɗanta, wanda yake koyarwa a can bayan gari, ya so ya wuce da ita gidansa. Ya ce akwai iska, akwai shiru, ga jikoki. Ta ce shekara arba'in da ɗaya tana ɗakin nan, ba za ta je ta koyi sabon rufi a kwance ba. Ya yi fushi, ya fita ya daɗe a waje, ya dawo ya ce to. Aka mayar da ita ɗakinta.

Na kwaso ɗinkin hannu na koma wajenta. Daga bakwai na safe gado yana rawa, kofi yana tafiya da kansa a kan tebur sai na tare shi. Ba ma iya magana, sai nuni. In tana son ruwa ta taɓa leɓe. Maganarta duk ta tara ta zuwa ƙarfe ɗaya, mu yi hira har biyu. Ta kan lissafo mini waɗanda suka tashi, ta tambayi inda kowa ya koma, wace ce ke da ciki, wa zai karɓi haihuwar.

A rana ta uku na kasa riƙe abin da ke raina. Na ce mata awa biyar tana kira na, ni ina nan ina ɗinkin hannun riga.

"Wa ya ba ki audugar?" ta ce.

"Ke ce, Inna."

"To. Gyara min matashin nan."

Ba ta sake bari mun yi zancen ba.

Ta rasu a rana ta tara, wajen sha ɗaya na safe, ana tsakiyar fasa kankare. Ina riƙe da hannunta. Ta juyo ta dube ni, bakinta ya motsa, ba kalma ɗaya ba, magana ce mai ɗan tsawo. Na kai kunnena dab da bakinta. Na ji ɗumin numfashinta, ban ji ko kalma ba. Na ce ta sake, ban ma ji muryar kaina ba. Bayan ɗan lokaci hannun ya saki.

Da ɗanta ya iso ya tsaya a kanta, sannan ya tambaye ni ko ta bar wata magana. Na so in ƙirƙiro masa wani abu mai daɗi. Na ce ta yi magana, amma ban ji ba. Ya dubi taga, ya gyaɗa kai.

Na buga wa tsofaffin maƙwabta waya. Wasu sun ce nisa, wasu sun taso hanya ta rufe musu. Mai wanki ya iso, da mai kantin, da maigidana, da tsohon direba. Ba su kai su sauko da ita su kai bakin titi ba. Foman ya leƙo, ya ga yadda ake, ya koma. Minti kaɗan injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, alhali bai kai lokacin abinci ba. Ma'aikatan suka wanke hannu a famfonmu, suka cire hulunan aikinsu, suka kama aka sauko da ita.

Bayan sun tafi na koma ɗakinta na cire zanin gado na ninke. Ta taga na hango ƙugiyar ɗaga kaya an bar ta a tsaye, da ɗaurin bulo rataye a sama, yana ɗan juyawa a hankali.