Allurar Dattijo

Malamin asibiti ya ɗaga 'yar kwalbar, ya duba ta a hasken taga.

"Wa ya sa wannan a firiza?"

"Ni ne," in ji Mudassiru daga bakin ƙofa.

Dattijo na kwance kan tabarma, leɓɓa a bushe, numfashi sama-sama. Shekara tara yana yi wa kansa allurar ciwon suga, yana ajiye ta a ɗan firjinsa. Sai bara aka sake tsarin wuta. Kamfanin wuta ya raba layi biyu: injinan shinkafa na bakin titi, masu iya biyan sabon farashi, aka ba su awa ashirin a rana. Unguwa aka jefa ta ɗaya layin, sai a kwana huɗu ba a kawo ba.

Da zafin bazara ya tsananta, Mudassiru, maƙwabcinsa mai ɗinkin buhu a injin shinkafar Alhaji Ibrahimu, ya ce, "Kawu, kawo in ajiye maka a wurinmu. Can ba a ɗaukewa."

Dattijo ya yi dariya. "Kai, allurar ma ta fi ni gata. Ta koma layin manya! Ka sa ta inda ya fi sanyi."

Haka Mudassiru ya yi. Ya cusa ta can ƙasan firizar injin, tsakanin ledojin ƙanƙara. Kullum da safe ya ɗauko, ya narkar da ita a tafin hannunsa, ya kawo. Mako uku.

"In ta daskare ta lalace," malamin ya ce a hankali. "Ruwa kawai yake ta tsira wa kansa."

Khaulat, matar Dattijo, ta gyara wa mijinta matashi. "Ai taimako ya yi," ta ce. Ba ta dubi Mudassiru ba.

Aka kira mai adaidaita, suka nufi asibiti a Kano. Kan Dattijo na cinyar Mudassiru. Kafin gadar Tamburawa Mudassiru ya ji nauyin kan ya sauya. Ya taɓa kafaɗar direba.

"Malam, juya."

Da la'asar aka kai shi makwancinsa. Masu gaisuwa suka cika ƙofar gida, kowa na fifita da yagaggen kwali. Mudassiru ya zauna a ƙarshen tabarma. Can ƙetaren kanal ɗin ban ruwa, fitilun katangar injin suna ci da sauran rana, an manta ba a kashe ba.