Ƙafar Baba da Birkin Tsohuwar Mota

Tun ranar da Baba ya daki ƙofar gidansa da hancin motarsa, 'ya'yansa suka yanke hukunci ba tare da sun ji ta bakinsa ba: tsufa ya cinye ƙafarsa, a karɓe makulli. Babban ɗansa har ya fara cigiyar direba. Abin ya yi wa Baba ciwo ƙwarai, don rabin rayuwarsa a bayan sitiyari ya yi ta. Ya san ya taka birkin nan da iyakar ƙarfinsa, birkin ne ya ƙi, ya yi tauri kamar dutse.

Da safe ya kira Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ita ma take tuƙa kanta zuwa aiki.

"Zauna a kujerar direba," in ji shi. "Ke dai ƙafarki ba ta tsufa ba, ko ita ma yayanki ya gwada ta?"

Yayan yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Baba ya sa ta yi ta taka birki inji na kashe har ya sandare, ya ce ta danne, kada ta ɗaga, sannan ta murɗa makulli. Ya yi mata bayani cewa baƙin tulun nan da ke bayan birki, wanda makanikai ke kira busta, shi ke ara wa ƙafa ƙarfi da iskar da inji ke zuƙa. In yana da lafiya, da inji ya tashi birkin zai ɗan nutse.

Inji ya tashi da tarinsa na kullum.

"Ko motsi bai yi ba, Baba."

Bai yi saurin murna ba. Ya buɗe bonet, ya bi tiyon da ya haɗa bustan da inji da yatsunsa, babu tsaga. Ya cire bakin tiyon ya ɗora babban yatsa, ya ji an zuƙe shi ƙam. Ashe inji na yin nasa aikin, bustan ne ya mutu. Ya mayar da tiyon, ya dubi ɗansa sama da ƙasa.

"Ai ga birkin ma yana huci," in ji Auta. "Duk na taka sai iska ta yi ta fita a wajen ƙafata."

Baba ya durƙusa da ƙyar, ya tura kansa ƙarƙashin sitiyari.

"Taka mu ji."

"Ina takawa fa."

Ya ƙara matsawa har kunnensa ya kusa taɓa takalminta. Bai ji komai ba.

"Baba, har nan ina jin sa," in ji ɗan a hankali. "Ya daɗe yana yi. Mun zaci ka sani."

Ashe kunnen Baba ne ya yi nauyi. Motar ta daɗe tana yi masa kuka bai ji ba, shi da a da yake gane ciwon inji daga nesa.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya kashe injin, ya sa makullin a tafin Auta.

"Ajiya na ba ki, ba kyauta ba. A kira makanike ya canza busta. Gobe ki kai ni asibiti a motarki a duba kunnen nan." Ya juya zai shiga gida, sai ya tsaya. "Amma ki gaya wa yayanki, ƙafata lafiyarta ƙalau."