Tazarar da Ban Gani Ba

Mijina, Delbert Hruska, ya yi shekara ashirin da shida yana alkalancin ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu, a wasannin makarantun gundumarmu. Sana'arsa walda ce a masana'antar ƙarfe, amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, farar hularsa ta babban alkali zai nuna maka. Shekara goma sha ɗaya na ƙarshe shi ne mai fassara doka na ƙungiyar alkalai. Duk Talata da yamma, daga Agusta har sanyi ya shigo, sukan taru a zauren coci, ya tsaya gaban allo ya warware musu abin da littafin doka yake nufi.

Ni a aji takwas karatuna ya tsaya. Amma akwai doka ɗaya da na sani kamar sunana, don a kicin ɗina yake gwada ta da burodi.

"Karɓi, Lorene," in ji shi. Sai ya ɗora min burodin a hannu bai saki ba. "Hannuna na kai, naki na kai. Wannan miƙawa ce. In ya faɗi ƙasa yana da rai, duk wanda ya ɗauka nasa ne."

Sai ya ja baya kaɗan ya ɗan cillo min.

"Wannan fa?"

"Wannan ɓarnar abincin rana ce."

"Jifa ce, tsohuwa. Muddin ya bar hannuna ya yi gaba kafin ki taɓa, ko da tazarar yatsa ɗaya ce, jifa ce. In ya faɗi ƙasa ya mutu. A busa usur, ƙwallo ta koma wa masu ita."

Abin da yake faɗa wa alkalai ke nan duk shekara: kada ku dubi fuska, kada ku dubi ƙafa, ku dubi tsakanin hannuwa.

Ba a saba ba shi wasan makarantar garinmu ba, don kada a ce ya yi son kai. Amma a wasan ƙarshe na kakar casa'in da huɗu, alkalin da aka zaɓa ya kwanta ciwon baya. Kociyoyin biyu suka ce Delbert suke so. Asabar ce da rana, iska na kaɗa ganye a filin. Wanda ya ci zai tafi gasar jiha, abin da garinmu ya yi shekara goma sha tara bai gani ba.

Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, baƙi suna gaba da maki huɗu, ƙwallo kuma tana hannunsu. Mai raba musu ƙwallo ya ba wani da ya gifta ta gabansa a guje. Ƙwallo ta faɗi. Wani namu ya sure ta ya sheƙa har ƙarshen fili, abin da zai ba mu maki shida mu wuce su. Mutane suka miƙe suna rungumar juna. Delbert kuwa yana tsaye yana kaɗa hannuwa, ya riga ya busa. Jifa ce, ta mutu. Aka mayar wa baƙi ƙwallonsu, suka cinye lokacin.

Ba zan rubuta abin da aka kira shi ba a hanyarmu ta zuwa mota. Washegari muka tarar an rataya tsohon tabarau a akwatin wasiƙunmu. A coci, matar da muka yi shekara talatin muna dafa miyar kabeji tare don bukukuwa ta matsa zuwa wani benci.

Delbert bai damu da wannan ba. Ya ce gari zai huce. Abin da ya karya shi zuwan Floyd Pekarek ne, shugaban ƙungiyar, abokinsa tun suna samari. Ya zo ranar Alhamis da kaset ɗin wasan. Suka kalla sau goma ko fiye. Daga saman benci aka ɗauka, gadon bayan wanda ya gifta a gujen ya tare komai.

"Ba wanda ya ce ka yi kuskure, mutumina," in ji Floyd.

"To me ya kawo ka da hula a hannu kamar mai ta'aziyya?"

"Sauran alkalai huɗun da ke filin, ba wanda ya ga abin da ka gani."

"Don ba sa duba inda na koya musu."

"Del, yaushe rabonka da likitan ido?"

"Ina ganin tumbinka sarai daga nan."

Floyd ya yi dariyar dole. "Ka ɗan huta da allon nan. Ba za su saurare ka a kan wannan dokar ba yanzu, kai ma ka sani."

Bayan ya tafi, Delbert ya kashe talabijin. Sannan ya juyo.

"Lorene, kina benci a layi na uku, daidai wurin. Ba wanda ya fi ki kusurwa mai kyau. Kin ga tazara tsakanin hannuwansu?"

A daidai lokacin ina zuba wa ƙanwata kofi daga filas. Ihun mutane ne ya sa na ɗago. Ni kuwa ban taɓa iya lanƙwasa magana ba, shi kansa yakan ce don haka ya aure ni.

Na ce, "Ban gani ba. Ina zuba kofi."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Na ɗauka na gani." Na ɗauka, haka ya ce. Kafin wannan ranar, na gani yake cewa.

Bai sake sa farar hula ba. Talata ta zama kamar sauran ranaku. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in hango shi a gareji riƙe da ƙwallo, yana mayar da ita daga hannun dama zuwa na hagu, yana leƙen tsakani.

Hayaƙin walda ya gama da huhunsa bayan shekara biyu. A asibiti, wata la'asar, yana numfashi da ƙyar, ya sake tambaya ta. Na kama hannunsa.

"Na gani, Del. Akwai tazara. Na tuna yanzu."

Ya dube ni, ya ɗan murmusa.

"Kin makara da usur, tsohuwa. Hukuncin da aka yi jinkirinsa ba mai yarda da shi."

Bayan kwana huɗu ya rasu. Alkalai shida suka ɗauki akwatin gawarsa, har da Floyd.

Kaset ɗin yana nan. Na'urar ta tsufa, hoton yana rawa. Nakan tsayar da shi a wurin, in matsa kusa da talabijin har hancina ya kusa taɓa gilashi. Gadon bayan mai gudun ne kawai ake gani, da lamba ashirin da biyu.