Kujerar da Ingarma Ya Ƙi Zama

Nas ta maƙala wa Ingarma wata ƙaramar na'ura a yatsa, ta nuna masa doguwar barandar asibitin.

"Baba, ka je ka dawo, ka yi ta yi har in ce ya isa. In ka gaji ga kujera nan a tsakiya. Ba tsere ba ne."

Matarsa ta jingina da bango, rungume da rigarsa. Likita ya ce sunan ciwon sakoidosis, ƙananan ƙulle-ƙulle ne a huhu. Mai siton da yake wa dako kuwa ya ce bai san wannan ba, mutum da ƙibarsa. Sai gwaji ya nuna ba ya iyawa za a mayar da shi gadin ƙofa, inda babu ɗaukar kaya.

Tun a hanya matar take roƙonsa. "Maigida, don Allah ka zauna. Yau ɗaya dai."

Ya fara tafiya. A sito, duk wanda ya zauna da rana "amarya" ake ce masa. Rabin rayuwarsa ba a taɓa ce masa ba. Matar ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta ga ya datse leɓe yana haɗiye haki, kamar yadda yake yi a gaban yara. Ya zo daidai kujerar, ya rage sauri. Sai wani tsoho da ke layi ya ce, "Kai, wannan ai doki ne!"

Ingarma ya wuce.

"Ya isa," in ji nas. "Ya numfashin, Baba?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Wa ya taɓa amsa gaisuwar jiki da wani abu daban? Matar ta buɗe baki, ya kalle ta, ta rufe. Nas ta rubuta.

* * *

Da mai sito ya ga sakamakon gwajin, ya yi dariya har da dukan cinya. "Ban faɗa ba? Lalaci ne! Ga mota can, a sauke."

Gadin ƙofar kuma aka ba ƙanin matar mai siton.

* * *

Daga ƙofar gida zuwa ɗakinsu bai kai rabin barandar asibitin ba. A tsakiya matarsa ta ajiye kujera. Kullum da yamma nan yake zubewa, ƙirjinsa na kuka, tana durƙushe tana cire masa takalmi.

Autarsu ta leƙo. "Baba, ya jiki?"

Sai da ya jima kafin iska ta ishe shi.

"Da sauƙi."