Gurbin Aji Shida

Tun kafin a buɗe ƙofar ɗakin taron kwalejin, Malama Babba ta shimfiɗa ƙyalle a kan teburin da aka ba ta, ta jera fom guda biyar, ta danne su da kofi don kada fanka ta kwashe. Teburin nata yana can ƙarshe, kusa da tagar da ke kallon majami'a. Ranar ce makarantu ke zuwa ɗaukar sababbin malaman da kwalejin mishan ɗin ta yaye, kuma wannan ne zuwanta na bakwai a jere.

Makarantun birni sun zo da shiri: manyan hotunan azuzuwa masu gilashi, da motocin ɗaukar ma'aikata, da samari cikin kwat suna raba takardu masu ƙyalli. Ita kuwa sunan makarantarta ta ƙauye ne kawai a jikin kwali, da rubutun hannunta. Aji shida gare su, yara sun haura ɗari biyu, malamai biyu: ita, da wani dattijo da ake kira Malam Lissafi, wanda ya yi ritaya ya dawo don tausayi. Kunnensa ya yi nauyi, har yara sun gane cewa kowace amsa aka ba shi da murmushi, daidai ce.

A wannan kwalejin ita ma ta yi karatu, shekara talatin da suka wuce. Da safe, da shugaban kwalejin ya yi wa ɗaliban gargaɗi su tafi inda aka fi bukatarsu, sai da ta runtse ido, don da irin wannan maganar aka sallame su a zamaninsu. Ɗaliban suka amsa da amin mai ƙarfi, sannan suka yi layi a gaban teburan birni.

Wasu sun ratso ta wajenta, ba laifi, da ladabinsu. Sukan tambaya ko akwai wuta, ko akwai gidan malamai, ko waya na kamawa. Ba ta iya ƙarya ba. Takan ce musu wuta sai ta rana, gidan malamai ɗaki biyu ne amma ɗaya na yoyo, waya kuma tana kamawa in an hau dutsen bayan coci. Wani saurayi ya yi dariya ya ce ashe gaisuwa ma sai mai ƙarfin gwiwa. Ya karɓi fom ya ninke, can ta hango shi yana fifita da shi.

Duk wannan idonta na kan Auta.

'Yarta ce, ta ƙarshe, tana cikin waɗanda aka yaye bana. Ga ta can cikin farar riga, rungume da fayil, ƙawaye na jan hannunta. Shekara huɗu ke nan gidan ya yi shiru. Da can, in an tashi daga makaranta, tare suke zama a baranda suna duba littattafan yara, Malama na karanta amsa, Auta na sa maki da jan biro, suna gardama a kan wanda ya cancanci rabin maki. Tun da ta tafi, babanta yake share ɗakinta duk Asabar, yana cewa wai gizo-gizo yake kora. Malama ba ta taɓa ce mata ta dawo ba. Amma ta sa kafinta ya gyara ƙafar teburin aji shida, kuma ta san wa take gyara wa.

* * *

Wajen tsakar rana wata mata mai ƙamshin turare ta tsaya a gabanta, ta dafa kujerar da aka ajiye don masu neman aiki.

"Mama, in ba kowa a nan, mu ara? Tamu ta yi mana kaɗan."

Muryar ce ta tona ta. Zabiya ce, mai ba da waƙa a majami'a lokacin suna ɗalibai. Gadonta na sama, na Malama na ƙasa, shekara uku. Malama ta kira ta da sunan. Matar ta tsura mata ido, ta dubi furfurar, ta dubi hannuwan da alli ya busar, sai kunya ta rufe ta. Ta rungume ta tana ba da haƙuri, tana cewa idonta ne ya lalace. Malama ta ce ba komai, ai madubi ma yakan yi mata wannan tambayar.

Suka ɗan taɓa hira. Zabiya ce ke shugabantar babbar makarantar da layinta ya fi kowane tsawo. Da ta ji sunan Auta sai ta tafa hannu, ta ce ai ita ce ta farko a jerin waɗanda suke so, tun lokacin gwajin koyarwa suka sa mata ido. Ta ce malamin da ya yi musu shekara biyu sukan tura shi ƙarin karatu. Ba da wata manufa ta faɗa ba. Ta ɗauki kujerar ta tafi.

Malama ta zauna tana kallon gurbin da kujerar ta bari. Ita ma da niyyar yin shekara biyu ta tafi ƙauyen. Takardar neman ƙarin karatunta tana nan a ƙasan akwati, ta cike ta sau uku, duk lokacin sai a ce ta jira a samu wanda zai canje ta. Tana jira aka haifi yara, tana jira muryarta ta dushe, tana jira ɗaliban da ta koya wa baƙi suka fara kawo nasu 'ya'yan.

* * *

Sai da ɗakin ya fara watsewa Auta ta zo. Ba kujera, don haka ta durƙusa a gefen teburin kamar yadda take yi a gida, ta zaro fom ɗaya daga ƙarƙashin kofin, ta cire murfin biro.

Malama ta ɗora tafin hannunta a kan takardar.

"An cike gurbin."

Auta ta dubi fom ɗin da suka rage, ta dubi uwarta. "Wa ya cike shi, Mama?"

"Wani yaro. Ya tafi da takardar, zai kawo."

"Mai fifita da ita?"

Malama ba ta yi dariya ba. Auta ta sassauta murya, ta ce tun tana shekarar farko ta yanke wannan shawarar, ta san sunan kowane yaro a aji shida, ta san Malam Lissafi ba zai ƙara shekara ba. Ta ce shekara biyu kawai za ta yi, kafin a samu wani.

Kalmar ce ta soki Malama. Ta ji yadda bakinta ke son cewa to, ta ga barandar, ta ga jan biron, ta ga baban Auta yana fitowa da kujera ta uku. Sai ta ƙara danne takardar.

"Haka na ce ni ma. Tashi ki je, matar can tana haɗa kayanta."

"Yaran fa?"

"Yaran nawa ne. Ke ma tawa ce."

Auta ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe, idonta ya cika, amma ba ta yi musu ba, don ba a haka aka tarbiyyantar da ita ba. Malama ta bi ta da kallo har ta isa wancan teburin, ta ga Zabiya ta tarbe ta hannu biyu, ta ga ta sunkuya tana sa hannu. Shekara bakwai Malama tana jin haushin iyayen da ke hana 'ya'yansu zuwa wajenta. Ta naɗe ƙyallenta a hankali.

* * *

Kwana ta yi a hanya. Motar ta sauke ta a mararraba da hantsi, ranar Litinin. Tun daga nesa ta hango su: 'yan aji shida ne gaba ɗaya a bakin titi, sun yi wanka, sun jeru bisa tsawo, Malam Lissafi na tsaye a bayansu da rigarsa ta zuwa coci. Ba ita ta sa su ba.

Ta sauko da jakarta. Suka gaishe ta baki ɗaya, amma ba ita suke kallo ba. Ƙofar motar suke kallo, suna leƙen wanda zai biyo bayanta. Wata tsohuwa ta sauko da kaji biyu. Aka rufe ƙofa, motar ta ja.

Wata yarinya da ke riƙe da furannin da ta tsinko a bakin rafi ta dube su, ta rasa yadda za ta yi da su, sai ta mayar da hannun bayanta.

"Mu je," in ji Malama. "An kusa buga ƙararrawa."